Shawara: In ƙona littattafan Baba ne?

Anti, barka da aiki. Yayanmu, ɗan farin gidanmu, yana cikin waɗanda suka rasu a harin babban masallacin Juma'a na Kano ranar 28 ga Nuwamban 2014. Tare suka fita da Baba. Baba ya shige ciki, shi kuma ya tsaya kafe babur, sai ya samu sahu a waje. Shekararsa 22, yana ajin ƙarshe a jami'a. Ni ina da 15 a lokacin.

Ban taɓa ganin hawayen Baba ba, ko a ranar. Malamin Turanci ne a sakandare, kuma ana share makoki ya koma aji. Amma tun da ya yi ritaya shekara uku da suka wuce ya zama wani mutum daban. Ba ya karanta komai sai littattafan yadda ake titsiye waɗanda ake zargi da ta'addanci: kurkukun Guantanamo, hukumar leƙen asirin Amurka CIA, kurkukun sirri. Yana sauke su a waya, ya kai shagon kwamfuta a buga masa, ya zauna da jan biro yana jan layi har ƙarfe biyu ko uku na dare. Wani lokaci kuma bidiyo yake kallo, muna jiyo ihun mutane daga ɗakinsa. Ya sha cewa, "Da za a ba ni ɗaya daga cikinsu na awa guda, wallahi sai ya faɗi wanda ya aiko shi." Yanzu autanmu mai shekara 17 ya fara maimaita maganar, har yana ƙara mata gishiri.

Umma ta ce waswasi ne, in kwashe takardun in ƙona ranar da ya fita karɓar fansho. Ni kuma na yi odar littattafai biyu na Turanci kan yadda iyaye ke jure rashin ɗa. Ya dubi bangon, ya ce, "Wa ya ce miki ba ni da lafiya?" Suna nan a kan firji, ko ledar ba a cire ba. In bi maganar Umma? In ba haka ba, wane littafi zan ba shi da zai karɓa?

Ƙanwarki daga Kano

Ƙanwata, Allah ya jiƙan Yayanku, ya karɓi shahadarsa da ta duk waɗanda suka rasu a wannan Juma'a, ya sanyaya zuciyar Baba da ta Umma.

Kada ki ƙona, kada kuma ki ɓoye. Ki ba Umma haƙuri cikin ladabi, ki roƙe ta ta ba ki wata biyu. Takardun suna cikin wayarsa, yini ɗaya ya ishe shi ya sake buga su, kuma abin da za ku ci riba shi ne ya fara kulle ƙofa. Yanzu dai kuna ganin abin da yake karantawa, kuna jin abin da yake faɗa.

Ni a ganina, zaman makoki Babanku yake yi, wanda bai samu ya yi ba a 2014. Mu nan mun yanka wa makoki kwanaki: uku, bakwai, arba'in. Maigida shi ne a bakin zaure yana amsa "ya haƙuri" da "haƙuri sai ma'aiki", shi ke lallashin masu kuka, kuma da an naɗe tabarmi ana sa ran ya miƙe. Babanku ya miƙe. Ƙararrawar makaranta da makin jarrabawa suka riƙe shi shekara da shekaru, da ritaya ta zo kuma sai ya wayi gari da yini guda cur babu abin da zai shiga tsakaninsa da wannan Juma'ar. Masu nazarin baƙin ciki, irin su Kenneth Doka da Terry Martin, sun daɗe da lura cewa wasu mutane da hawaye da magana suke fitar da shi, wasu kuma da bincike da aiki. Umma wataƙila ta farkon ce. Baba, malamin da ya saba da jan biro, na biyun ne.

Kuma ba shi ne uba na farko da ya bi wannan hanya ba. Ranar 21 ga Disamban 1988 bam ya tarwatsa jirgin Pan Am a saman garin Lockerbie na Sikotlan, mutum 270 suka mutu. Cikinsu akwai Flora, 'yar wani likitan Ingila mai suna Jim Swire, ana gobe za ta cika shekara 24. Mutumin nan ya mayar da sauran rayuwarsa ta bincike. A 1990 ya haɗa bam na bogi a cikin rediyo, ya hau jirgi da shi daga Landan zuwa New York, don kawai ya nuna har lokacin ba a gyara tsaro ba. Ya zauna a shari'ar da aka yi a ƙasar Holan, kuma ranar da aka yanke wa ɗan Libiya Abdulbasit al-Megrahi hukunci a 2001 sai da ya suma a kotu, domin shaidun da ya saurara sun sa ya daina yarda cewa shi ne ya aikata. Daga baya har Tarabulus ya je ya duba shi yana jinyar ajali. Iyalai da yawa na waɗanda suka mutu a jirgin ba su yarda da Swire ba, wasu ma haushinsa suke ji, kuma ba na cewa shi ke da gaskiya. Abin da ya sa na kawo shi: uba ne da ya ƙi karɓar amsar da bai gamsu da ita ba. Ya rubuta labarinsa a 2021, sunan littafin The Lockerbie Bombing: A Father's Search for Justice. In akwai littafin da Baba zai karɓa daga hannunki ba tare da ya ji an mai da shi majinyaci ba, ina jin wannan ne, domin ta ƙofar bincike yake shiga, amma cikinsa uba ne ke kewar 'yarsa.

Akwai wani abu a wasiƙarki da kika faɗa kika wuce. Baba ya shige ciki, Yaya ya tsaya kafe babur. Ina kyautata zaton tambayar da ke hana shi barci ita ce, "Me ya sa ban jira shi ba?" Wannan ba ta tambayuwa, domin mumini ya san amsarta ƙaddara ce, sai dai sani bai cika kashe raɗaɗi ba. To sai ya riƙe wadda ake iya tambaya: wa ya aiko su? Kada ki taɓa furta masa wannan zato nawa. Ki dai riƙe shi a ranki, zai rage miki tsoron maganar awa gudan nan.

Yanzu ga littattafan kansu. Kin lissafa su a dunƙule, amma ba ɗaya suke ba, kuma ya kamata ki san wanne ne a hannunsa. Akwai waɗanda masu kare azabtarwa suka rubuta, kamar Jose Rodriguez, jami'in CIA da ya ba da umarnin lalata kaset 92 na titsiye a 2005, da James Mitchell, ɗaya daga cikin masana halayyar ɗan Adam biyu da suka tsara hanyoyin azabar, waɗanda aka biya kamfaninsu dala miliyan 81. Su har gobe cewa suke abin ya yi aiki, ya ceci rayuka. Akwai kuma ɗaya ɓangaren, kuma ni dai hujjarsa ta fi cika min ido.

Kwana 11 bayan harin masallacinku, ranar 9 ga Disamban 2014, kwamitin leƙen asiri na Majalisar Dattawan Amurka ya saki taƙaitaccen rahotonsa mai shafi sama da 500, daga cikin cikakke mai shafi fiye da 6,000 da har yau ke kulle. Daga takardun CIA ɗin kanta aka haɗa shi. Ya ce mutum 119 hukumar ta tsare, aƙalla 39 aka gana musu azaba, aƙalla 26 kuma bai ma kamata a tsare su ba. Wani ɗan Afganistan, Gul Rahman, sanyi ne ya kashe shi a Nuwamban 2002, yana ɗaure a kan siminti ba wando. Hukuncin rahoton shi ne azabar ba ta zama hanyar samun sahihin bayani ba. CIA da 'yan jam'iyyar Republican na kwamitin sun musanta wannan, sai dai misalan da ke ciki suna da wuyar kaucewa. Khalid Shaikh Muhammad, wanda ake zargi da kitsa harin 11 ga Satumban 2001, an yi masa azabar ruwa sau 183: a ɗaure mutum a kan katako, a rufe masa fuska da tsumma, a riƙa kwarara ruwa har ya ji nutsewa yake. Cikin abin da ya faɗa har da labarin cewa ya tura mutum jihar Montana ya ɗebo baƙaƙen fata Musulmi. Aka baza jami'ai suna nema, ashe ƙirƙira ya yi don a sarara masa. Wani kuma, Ibn Shaikh al-Libi, aka miƙa shi Masar, a can ya ce Iraƙi ta koya wa al-Ƙa'ida haɗa makami mai guba. Colin Powell, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya ɗauki maganar ya kai Majalisar Ɗinkin Duniya a Fabrairun 2003, aka shiga yaƙi da Iraƙi, a 2004 mutumin ya janye ya ce wuya ce ta sa shi faɗa.

Sai ki kwatanta da Ali Soufan, jami'in hukumar binciken laifuka ta Amurka FBI, haifaffen Labanan, mai littafin The Black Banners na 2011. Kwanaki kaɗan bayan harin Satumba ya zauna da Abu Jandal, tsohon dogarin Usama bin Ladan, a wani kurkuku a Yaman. Mutumin ya ƙi magana sai wa'azi da zagin Amurka. Soufan ya lura ba ya taɓa biskit ɗin da ake kawowa da shayi, ya bincika ya gano ciwon sukari gare shi. A zama na gaba ya zo masa da biskit marar sukari. Ba biskit kaɗai ya yi aikin ba, Soufan ya san Larabci, ya san Alƙur'ani, ya san tarihin ƙungiyar ciki da bai, har mutumin ya kasa gane me aka sani me ba a sani ba. Amma daga nan bakinsa ya buɗe, ya nuna hotunan da yawa daga cikin maharan jiragen ya faɗi sunayensu. Haka Abu Zubaida, wani da aka kama bisa zargin alaƙa da al-Ƙa'ida: yana kwance da raunin harsashi, su Soufan na jinyarsa suna hira da shi, ya faɗi wane ne "Mukhtar", wato Khalid ɗin nan. Azabar ruwa sau 83 da aka yi masa daga baya ta zo.

Baba ba ya ma bukatar zuwa Amurka kafin ya ji wannan. Yana cikin sira. Gab da yaƙin Badar sahabbai suka kama masu ɗebo wa Ƙuraishawa ruwa. In suka ce su na rundunar Makka ne sai a doke su, domin sahabbai ayarin Abu Sufyan suke fata. In suka ce na Abu Sufyan ne sai a ƙyale su. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana salla. Da ya idar ya ce musu in sun faɗi gaskiya kuna dukansu, in sun yi ƙarya kuna ƙyale su. Sannan ya tambaye su da kansa raƙuma nawa ake sokewa kullum. Suka ce wata rana tara, wata rana goma. Ya ce mutanen tsakanin 900 ne da 1,000. Haka kuwa abin yake. Shi ya sa mafi yawan malaman fiƙihu ba sa karɓar iƙirarin wanda aka tilasta.

Abin da ya fi shafar gidanku shi ne wanda ke asara in an yi azaba. Iyayen mamata ne. Fiye da shekara 20 bayan harin Satumba ba a fara ainihin shari'ar Khalid Shaikh Muhammad ba, kuma babban abin da ya dabaibaye ta shi ne gardama kan bayanan da aka samu bayan azaba. Iyaye da dama sun mutu suna jira. A nan gida, sojoji sun miƙa Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ga 'yan sanda da ransa ranar 30 ga Yulin 2009 a Maiduguri, kafin gari ya waye an kashe shi, duk abin da ya sani game da masu ba shi kuɗi da masu ɗaure masa gindi ya tafi da shi kabari. A 2015 ƙungiyar Amnesty ta ce sama da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun 2011, musamman a barikin Giwa. Rundunar ta musanta. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a Kainji a Oktoban 2017, ɗaruruwa aka sallama don babu hujja a kansu, bayan sun shafe shekaru a kulle. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da uwa da uba, wasu har yau ba su san ko za su yi sadakar arba'in ba ko su ci gaba da jira. A ƙarshen 2017 Najeriya ta yi dokar hana azabtarwa, wadda ta hana kotu karɓar iƙirarin da aka tatsa ta wannan hanya. Wato ko da an ba Baba awa gudan da yake roƙo, abin da zai fito da shi suna ne da ba zai san ko gaskiya ba ne, kuma ba alƙalin da zai karɓa.

In ba ya cikin tarin takardunsa, ki nemo masa Guantánamo Diary na Mohamedou Ould Slahi, ɗan Muritaniya da aka tsare a can daga 2002 zuwa 2016 ba tare da an tuhume shi da komai ba. Da hannu ya rubuta shi, shafi 466, da Turancin da ya koya a tsare, kuma malamin Turanci zai ji daɗin wannan ko ba komai. An hana shi barci, an nuna masa takardar bogi cewa za a kamo mahaifiyarsa a kawo ta kurkukun maza, har ya amsa cewa ya shirya tarwatsa wata doguwar hasumiya a Toronto, abin da bai taɓa faruwa ba. Mahaifiyar ta rasu a 2013 ba ta sake ganinsa ba. Amma mutumin da nake so Baba ya haɗu da shi a wannan labari shi ne lauyan soja Stuart Couch, wanda aka ba aikin gurfanar da Slahi. Amininsa ne mataimakin matuƙin jirgi na biyu da aka kara wa dogon benen New York. Da niyyar ramuwa ya karɓi aikin, hukuncin kisa yake nema. Da ya gano yadda aka samo iƙirarin, sai ya ajiye fayil ɗin ya ce ba da shi ba. Mutum ne mai ciwo irin na Baba, bai kuma daina jin ciwon ba lokacin da ya ƙi.

Littattafanki biyu na kan firji kuwa, ba laifinki ba ne, amma na gane dalilin da ya sa ya ture su. Ɗiya ta miƙa wa uba littafin yadda ake haƙuri, a kunnensa kamar ta ce ya gaza ne. Da yawa daga irin waɗannan kuma suna jera matakai biyar na baƙin ciki kamar darasin aji, alhali Elisabeth Kübler-Ross da ta kawo su a 1969 a kan majinyatan da ke fuskantar mutuwar kansu ta yi nazarinta. Waɗanda ke shiga zuciyar iyaye su ne waɗanda iyaye suka rubuta. Dokta Izzuddin Abul Aish, likitan mata daga Gaza, tankar Isra'ila ta harbi ɗakin 'ya'yansa ranar 16 ga Janairun 2009, ta kashe 'ya'yansa mata uku da 'yar ɗan uwansa, wata huɗu bayan sankarar jini ta ɗauke matarsa. Sunan littafinsa I Shall Not Hate, kuma kada sunan ya sa Baba ya zaci cewa ake ya yafe ya yi shiru. Mutumin ya kai gwamnatin Isra'ila ƙara yana neman ta amsa laifi, ya bi shari'ar har kotun ƙolinsu, wadda ta kore ta a 2021. Akwai kuma ɗan siririn littafin Nicholas Wolterstorff, Lament for a Son, wanda ɗansa mai shekara 25 ya faɗo daga dutse a Ostiriya a 1983. Kirista ne, farfesan falsafa, za ku bambanta a aƙida, amma ba ya yi wa mai karatu alkawarin warkewa, kuma wannan gaskiyar ce ke sa iyaye su amince da shi.

Namu malaman ma sun rubuta, tun ƙarnuka. Bayan annobar da ta auka wa Masar da Sham daga 1348, tana dawowa tana kwashe yara, sai aka samu jerin littattafai na lallashin iyaye. Ibn Nasiruddin na Dimashƙa ya rubuta Bardul Akbad inda Faƙdil Aulad, Manbiji ya rubuta Tasliyatu Ahlil Masa'ib, Suyuɗi ma, wanda ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, yana da nasa. Ibn Hajar, mai sharhin Buhari, 'ya'ya mata uku annoba ta ɗauke masa. Ki tambaya wajen masu littattafan addini a Kasuwar Kurmi, ko malamar islamiyyar Umma. Ina jin Umma za su fi yi wa amfani da farko, domin ƙarfinsu a kan ladan haƙuri yake, kuma mutumin da hannun ɗan Adam ya kashe masa ɗa yakan ji wannan kamar ana rufe masa baki in aka fara masa da shi. In wani ya ce muku shekara goma ta isa a daina, ku buɗe Suratu Yusuf. Annabi Yaƙub ya ce haƙuri mai kyau, kuma shi ne dai idanunsa suka yi fari don baƙin ciki. 'Ya'yansa suka ce wallahi ba za ka daina ambaton Yusuf ba sai ka lalace ko ka halaka. Ya ce ga Allah nake kai kukana. Alƙur'ani bai zarge shi ba.

Duk da haka, ba littafi ne zai gyara gidanku ba. Abin da ya fi damuna shi ne shi kaɗai yake karatun, da tsakar dare. Don haka kada ki sake miƙa masa komai tukuna. Ki kai masa shayi bayan isha'i, ki zauna a ƙasa kusa da tabarmarsa, ki ce, "Baba, wai me ya faru da mutumin nan Abu Zubaida? Na ji sunansa ban gane ba." Malami ne, shekara uku ba wanda ya ɗaga hannu ya tambaye shi komai. Ki bar shi ya koyar da ke, ko da abin da zai faɗa bai yi miki daɗi ba, kuma kada ki yi gardama a zaman farko ko na biyu. Ki lura da inda yake jan layi. Can gaba sai ki ce kin ji labarin wani likita da ya rasa 'yarsa a jirgi, Turancin ya yi miki tsauri, ko zai duba miki. In ya kore ki ranar farko, ki ɗauki kofinki ki fita, ki dawo bayan kwana biyu.

Littattafan Turawa za su ce muku ku riƙa kiran sunan mamaci. A gidanku a yi hattara. Ɗan fari ne, Umma ko yana raye ba ta kiran sunansa, Baba ma wataƙila "yaron nan" ko "wannan" yake cewa. Alkunyar da ta hana su nuna shi yana raye ita ce ta ƙara musu nauyin kukansa a gaban mutane, kuma ba yau za ki sauke musu ita ba. Ku ƙanne ne ba ta hau kanku ba. Kuna tsintar shinkafa ke da Umma, ki ce, "Umma, kin tuna yadda Yaya ke satar ƙanzo ya ce ɓera ne?" ko duk wani abin dariya da kika tuna nasa. In ta yi shiru ki ƙyale ta. In ta gyara miki labarin, to ta karɓa. Ita ma fa ba ƙiyayyar takarda ce ta sa ta ce a ƙona ba. Ta rasa ɗa, yanzu tana ganin miji na sulalewa, kuma kowane dare ihun da ke fitowa daga wayarsa yana mayar da ita ranar. Ke ma kin rasa wa kina shekara 15, ba na jin akwai wanda ya zauna ya tambaye ki. Ki cire ledar littattafan nan ki karanta abinki.

Bidiyon ne ban yarda da shi ba. Karatu yana sa mutum tunani, amma kallon ana yanka mutane ko ana dukansu da ƙarfe biyun dare ba ya ƙara masa sanin komai, tayar da jini kawai yake, ga Facebook da YouTube da sun ga ka kalli ɗaya sai su jero maka goma. Wannan ba bakinki ba ne. Ki samu amininsa ko Baffanku, wanda yake jin nauyinsa, ya ce masa Umma ba ta barci saboda sautin. Ta nan zai fi saurin bari, don ba a ce masa shi ne marar lafiya ba. Shi wannan aminin ne kuma zai ja shi awon hawan jini, domin dattijon da ke kaiwa ƙarfe biyu ko uku na dare a zaune yana bukatarsa. Ki samu likitan a gefe ki gaya masa batun barcin da na rashin. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa baƙin cikin rashi da ya ƙi sassautawa, har ya hana mutum rayuwarsa, cikin jerin lalurorin da ake dubawa, kuma Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen da ke wannan aiki. In kuwa kika ji yana cewa gara ya bi Yaya, ko ya daina cin abinci, ko ya fara nuna wani takamaiman mutum a unguwa yana cewa da hannunsa a ciki, kada ki jira wata biyun da na ce, a ranar za ki kira Baffa.

Wanda ba zai jira ba tun yanzu shi ne autanku. Yana ɗan shekara shida aka yi abin, da ƙyar yake tuna fuskar Yaya, fushin kawai ya gada. A bakin Baba maganar awa guda kukan tsoho ne. A bakin saurayi mai shekara 17, a garin da ake iya taruwa a kan mutum da an yi ihun ɓarawo, tana iya zama aiki. Shi kina da iko a kansa. Ki zaunar da shi a makon nan, ki ba shi labarin masu ɗebo ruwan Badar da na Stuart Couch, ki nuna masa hotunan Yaya, ki gaya masa abin da yake karanta a jami'a da ƙungiyar ƙwallon da yake goyon baya. Sannan ki sa Baffa ya shaida wa Baba, su biyu kawai, cewa yaron ya haddace maganarsa kuma yana faɗarta a majalisar abokai.